Duke bayan tafiyar Flagg: wa za a miƙa wa ƙwallo idan wasa ya yi zafi?

Abba_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun daren da Houston ta fitar da Duke a matakin huɗun ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, a Afrilun 2025, ban sake cewa uffan a nan ba, amma yanzu zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA na 2025 ya wuce, ƙura ta lafa, ya kamata mu duba abin da ya rage a hannun kocin Duke, Jon Scheyer. Mutum biyar ɗin da suke fara wa Duke wasa duk sun tafi. Cooper Flagg na ɗaya, Dallas. Kon Knueppel na huɗu, Charlotte. Khaman Maluach na goma, ya ƙare a Phoenix. Sion James da Tyrese Proctor kuma an ɗauke su a zagaye na biyu. Waɗanda suka rage: Isaiah Evans, Caleb Foster, Patrick Ngongba, Maliq Brown da Darren Harris. Sabbin yara: tagwayen Boozer, wato Cameron da Cayden, sai Nikolas Khamenia, Dame Sarr da Sebastian Wilkins. Ni ba na shakkar baiwar yaran nan. Tambayata ɗaya ce: idan saura minti biyu, ana gaba da maki uku, abokan hamayya sun matso tun daga ƙarƙashin kwandonmu, wa za a miƙa wa ƙwallo hankali kwance? Foster ko Cayden? Ko babu?

Gwaska_UNC:
Wa alaikumus salam. Ku miƙa wa Sion James mana, ai ya iya jefo ƙwallo daga waje 😂

Abba_Fagge:
Gwaska, kai da aka shigar da ƙungiyarku ta North Carolina (UNC) gasar da kyar, kuma Ole Miss ta sallame ku tun zagayen farko, har kana da bakin magana? Zauna gefe manya su tattauna.

Ummi_Tudunwada:
Ni dai amsata Cameron Boozer. Ba sai mai rarraba ƙwallo ne kaɗai ake ba wa ba. Yaron nan ƙafa 6 da inci 9 ne amma yana ganin fili kamar wanda ya hau bene. Sau huɗu a jere makarantarsu ta Columbus da ke Miami ta ci kofin jihar Florida da shi da ɗan'uwansa. Sau biyu ana ba shi kyautar Gatorade ta gwarzon 'yan sakandare na Amurka baki ɗaya, 2023 da 2025. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Turkiyya a 2024 shi ne gwarzon gasa. Ubansu Carlos ya ci kofi da Duke a 2001. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Koci_Bala:
Ummi 'yata, duk abin da kika lissafa gaskiya ne, amma ba shi Abba ya tambaya ba. Kafin ƙwallo ta isa hannun Cameron sai wani ya shigo da ita fili, wani kuma ya tsallakar da ita rabin fili cikin daƙiƙa goma. A nan Duke ta mutu, ba a wurin Flagg ba. Ku koma ku kalli ƙarshen wasan nan a hankali, ni sau huɗu na kalla. Duke na gaba 59 da 45, saura minti takwas da 'yan kai. Daga nan ƙafar yaran ta yi nauyi, kowa ya tsaya yana jiran Flagg ya yi abin al'ajabi. A minti goma na ƙarshe ƙwallo ɗaya tak suka jefa cikin kwando ana cikin wasa, sauran duk jifan kyauta ne. Da aka zo 67 da 61, Emanuel Sharp na Houston ya zuba ta maki uku. Sion James ya zo shigo da ƙwallo, aka rasa wanda zai fito ya karɓa da ƙarfin zuciya, aka ƙwace, Tugler ya danna. Proctor ya je layi ya zubar da jifan farko. Aka busa wa Flagg laifi wajen tsinto ƙwallo, J'Wan Roberts ya zuba biyu. Shi ke nan, 70 da 67. Kuma ku lura, James da Proctor ba yara ba ne, sun daɗe a jami'a. To in manya sun ruɗe a wannan matsi, me kuke tsammani daga yaron da yanzu ya cika shekara 18?

Lissafi_Dalla:
Ƙarin bayani kan maganar Koci: Duke ta ƙare kakar da nasara 35, rashin nasara 4. Flagg ya ci maki 27 a daren, don haka masu ɗora masa laifi su ji tsoron Allah. Abin da mutane ke mantawa shi ne Maluach, mai ƙafa 7 da inci 2, bai tsinto ƙwallo ko ɗaya ba a wasan. Ko ɗaya.

Bakano_a_Texas:
Ina cikin masu murna a daren, ba zan ɓoye ba. Mu nan Houston har yanzu in ka ce daga Najeriya kake sai a ce maka Olajuwon, tsohon tauraron kwandon Houston ɗan Najeriya. Amma murnar kwana biyu ta yi, Florida ta zo ta yi mana irin abin da muka yi muku, 65 da 63. Abin da zan ce wa Abba: kocin Houston, Kelvin Sampson, bai doke ku da taurari ba. Ya doke ku da ƙarti waɗanda suka shekara huɗu, biyar suna cin wuya tare. Roberts shekara shida ya yi a makarantar. Irin wannan ba a ɗauko shi daga sakandare.

Abba_Fagge:
Kar ka tuna min. Sati guda bayan ƙaramar Sallah ne, wajen ƙarfe biyu na dare aka fara a agogonmu. Babu wuta, na jona waya da fawabank, na shiga kicin na rufe ƙofa don kar in tashi yara. Da aka kai 59 da 45 har na ɗora ruwan shayi na murna. Wallahi ruwan ya tafasa ya ƙone a butar ban sani ba. Da aka kira assalatu ina zaune a kan buhun shinkafa ina kallon bango. Maman yara ta shigo ta ɗauka rasuwa aka yi.

Sani_Kofar_Mata:
😂😂 Allah Ya ba da haƙuri Yaya Abba. Ni dai Foster nake gani. Shekararsa ta uku ke nan, ya san tsarin Scheyer.

Ummi_Tudunwada:
Foster ɗin da ya fara kakar bara a cikin biyar ɗin farko aka mayar da shi benci? Akwai wasannin da da kyar ya taka fili.

Sani_Kofar_Mata:
E, shi ɗin. Kuma bai tattara kayansa ya gudu ba. A zamanin nan da yaro in an zaunar da shi wasa biyu sai ya shiga ƙofar sauya sheƙa, shi ya zauna. A watan Maris kuma ya dawo hayyacinsa, har a wasan Houston ɗin ya shigo a rabin farko ya yi abin kirki. Wanda ya sha zaman benci ya haƙura, ni na fi yarda da zuciyarsa a kan wanda tun yana aji uku ake ɗaukarsa hoto.

Koci_Bala:
Sani ya faɗi wani abu. Amma Foster a ɗabi'arsa mai neman kwando ne, ba mai shirya wa wasu ba. Cayden kuwa mai rarrabawa ne na asali, kansa a sama yake, ba ya gaggawa, kuma ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun kafin shi ɗan'uwan ya yanke shawara. Matsalarsa jifa daga nesa. In ba a jin tsoron jifanka, mai tsaronka zai ja baya ya je ya taya a danne Cameron. Ni da zan shirya, Foster zai fara, Cayden ya shigo daga benci, zuwa watan Fabrairu kuma a ga wanda ya ƙwace kujerar da hannunsa.

Hajiya_Nas:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Ni ba don wasan na san tagwayen nan ba. Yayansu an haife shi da cutar sikila. Iyayen suka bi hanyar dashen ƙwai a asibiti, aka zaɓi waɗanda ba su da cutar kuma jininsu ya dace da nasa, aka haifi tagwayen a 2007, aka yi amfani da jinin cibiya aka yi wa yayan dashe, ya warke. Mu da muke ganin yaran sikila kullum a wurin aiki, labarin nan yana taɓa mu. Duk ƙungiyar da suke, ina bayansu.

Issoufou_Damagaram:
Allah Ya saka da alheri Hajiya, ban taɓa jin wannan ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Ni kuma Dame Sarr ne ya kawo ni. Kuna ta maganar yaran Amurka kun manta da shi. An haife shi a Italiya, iyayensa 'yan Senegal ne, kuma daga Barcelona ya taho. Wanda ya yi atisaye da manyan Barcelona, ya taka fili a gasar Sifen da EuroLeague, ba za ka kira shi sabon shiga kamar sauran ba. Ya saba karo da magidanta masu 'ya'ya. Dogo ne, hannuwansa dogaye, zai iya tsare mutum uku daban-daban.

Lissafi_Dalla:
Gaskiya ne, amma a faɗi cikakken labari: Sarr ba shi ne shirin farko ba. Cedric Coward daga Washington State ya riga ya amsa wa Duke, sai darajarsa ta tashi a gwajin NBA, ya zauna a zaɓen, aka ɗauke shi na 11 ya tafi Memphis. Shi ne babban da zai cike gurbin Sion James. Kafin nan Shelton Henderson ya janye alƙawarinsa ya bi Jai Lucas zuwa Miami, bayan Lucas ya bar mataimakin Scheyer ya zama babban koci a can. Makarantar sakandare ɗaya suka yi a Bellaire ta Texas, ba abin mamaki ba ne. Nate Ament kuma da aka yi ta zawarci ya zaɓi Tennessee. Don haka a gefen fili mutum uku aka rasa kafin a samu Sarr.

Gwaska_UNC:
Wato dai ragowar kasuwa kuka kwasa.

Issoufou_Damagaram:
Ragowar da Kansas ma ta nema ba ta samu ba, ɗan'uwa.

Dan_Zongo_Kumasi:
Ni tambaya gare ni, ku gafarce ni sabo ne a harkar. Yaya yaro zai bar Barcelona, inda ake biyansa albashi, ya koma makaranta? Ba na ji an ce 'yan jami'a ba a biyansu ba?

Bakano_a_Texas:
Wannan da ne, ƙanina. Tun Yulin 2021 aka ba su damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL. A watan Yunin 2025 kuma kotu ta amince da wani sulhu da ya ba makarantu damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, amma na duka wasannin makarantar ne, kuma a yawancin manyan makarantu ƙwallon Amurka ce ke lashe kaso mafi tsoka. Shi ya sa yaran Turai ke ta kwararowa. Abin da babbar jami'a za ta ba yaro ɗan shekara 19 ya fi abin da kulob zai ba shi yana zaman benci, ga kuma idon masu zaɓen NBA a kansa kowane mako. Ka ga AJ Dybantsa, wanda da yawa ke sa shi na ɗaya a ajin bana, jami'ar BYU ya tafi. Shekara goma baya wa zai yarda?

Koci_Bala:
Tunda an zo nan bari in ja kunnen iyaye da ke zauren. Shekarun baya wani mutum ya zo filin da nake koyar da yara, da rigar wata makarantar Amurka a jikinsa da takardu masu tambari. Ya ware yarona mafi tsawo, ya ce ya samo masa gurbin karatu kyauta, kuɗin biza da na jirgi kawai za a kawo. Uban yaron ya sayar da fili. Ni kaina na sa baki, abin da har gobe yake ci mini rai ke nan. Ranar da aka ce a je karɓar fasfo, lambar mutumin a kashe. Yaron yanzu yana gyaran waya a kasuwa, in na wuce sai ya miƙe ya gaishe ni, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Hanyar gaskiya tana nan: Maluach daga Sudan ta Kudu yake, ya tashi a Yuganda, makarantar NBA da ke Saly a Senegal ta ɗauke shi. Rueben Chinyelu ɗan Najeriya ta nan ya bi, ga shi ya ɗaga kofi da Florida. Makarantar da ke son ɗanka da gaske ba ta aiko dillali ya karɓi kuɗin fili.

Hajiya_Nas:
Innalillahi. Allah Ya isar masa.

Issoufou_Damagaram:
Amin. Kuma ko ta hanyar gaskiyar ma akwai fargaba. Ranar wasan Houston ɗin ce gwamnatin Amurka ta sanar da soke bizar masu fasfon Sudan ta Kudu. Ban ce shi ya hana Maluach tsinto ƙwallo ba, Lissafi, amma yaro ne ɗan shekara 18.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Abba. Maganar dillalai a buɗe mata nata zaren, tana da muhimmanci. Gwaska, gargaɗi na farko.

Mustapha_Sabongari:
To ni ina ganin duk kun kama reshe. Ba mai riƙe ƙwallo ne zai kashe Duke ba, ƙarƙashin kwando ne. Bara in an wuce mai tsaron waje, ga Maluach a tsaye kamar sandar wuta, ga Flagg yana zuwa daga baya. Bana wa ke nan? Ngongba ƙafa 6 da inci 11 ne, hannunsa da laushi, yana da basirar miƙa ƙwallo, amma tun yana sakandare ƙafarsa ke ba shi matsala. Maliq Brown ɓarawon ƙwallo ne na gaske, hannunsa kamar ƙugiya, amma kafaɗarsa sau biyu tana gocewa a kakar bara. Cameron kuwa ƙarfi ne da dabara, ba mai tashi sama ya share ƙwallo ba ne kamar Flagg. In ɗaya daga cikin biyun can ya kwanta, sai dai Ifeanyi Ufochukwu, ɗan ƙasarmu da aka ɗauko daga Rice, wanda ko a can ba ya samun mintuna da yawa.

Ummi_Tudunwada:
Wannan na yarda. Amma kar a riƙa auna Cameron da Flagg, ba irinsu ɗaya ba. Flagg guguwa ne. Cameron kamar ɗan kasuwar da ya daɗe a Kantin Kwari ne, ba hayaniya, amma in aka rufe littafi da yamma sai ka ga shi ya fi kowa ciniki.

Sani_Kofar_Mata:
Babu wanda ya ambaci Evans! Kun manta wasan Auburn a watan Disamba? Ya taso daga benci ya zuba ta maki uku har guda shida kafin hutun rabin lokaci. Filin gidan Duke, Cameron Indoor, mai cin mutum 9,314 kamar zai tsage.

Koci_Bala:
Ban manta ba. Na kuma tuna cewa a wasannin Maris da ake buƙatar tsaro, Scheyer ya zaunar da shi. Siriri ne, ana ture shi. In ya ƙara nama ya koyi tsayawa gaban mutum, shi ne na biyu wajen cin maki. In bai koya ba, Khamenia zai cinye masa mintuna, don shi wancan yaron na Harvard-Westlake ba ya yin abin da zai sa koci ya dafe kai.

Gwaska_UNC:
Da gaske yanzu, ba tsokana. Yaushe rabon da ƙungiyar da ta dogara da 'yan aji ɗaya ta ci kofi? Zion, RJ Barrett da Reddish na Duke a 2019, Michigan State ta tsayar da su 68 da 67. UConn ta ci biyu a jere, na farkon da Adama Sanogo ɗan Mali, yana azumi yana wasa, shekararsa ta uku a lokacin. Florida kuwa Clayton daga Iona ya zo, Martin daga FAU, Richard daga Belmont, duk 'yan ajin ƙarshe.

Lissafi_Dalla:
Amsar ita ce 2015, kuma Duke ce. Jahlil Okafor, Tyus Jones, Justise Winslow, da Grayson Allen daga benci, suka doke Wisconsin 68 da 63. Amma kafin Abba ya yi murna: akwai Quinn Cook ɗan ajin ƙarshe a gefen Tyus, wanda ya yarda ya bar wa yaro ƙwallo ya koma gefe.

Abba_Fagge:
To ai kun dawo da ni inda na fara. Tyus ɗan aji ɗaya ne ya riƙe ƙwallo a 2015, shi ne ma gwarzon huɗun ƙarshe. Me zai hana Cayden ya zama Tyus, Foster ya zama Cook?

Koci_Bala:
Abin da zai hana shi ne Tyus yana jefawa daga nesa ta shiga a lokacin da ake buƙata, kuma Cook ya riga ya shekara uku yana wasa sosai kafin nan. Foster bai samu wannan ba. Amma ban rufe ƙofa ba, Abba. Scheyer yana hawa mataki-mataki: 2023 zagaye na biyu, 2024 takwas ɗin ƙarshe, 2025 huɗun ƙarshe. Abin da nake so in gani shi ne ya tanadi hanya uku ta shigo da ƙwallo idan an matsa, ya sa yaran su maimaita har su gaji da shi. Kuma ACC, rukunin jami'o'in da Duke ke bugawa a ciki, ba za ta koya musu wannan ba. Bara ƙungiya huɗu kacal ta kai gasar ƙasa, rukunin SEC kuwa ya kai 14. Suna ta lallasa mutane da maki ashirin, ba su saba da wasan da ake kai wa daƙiƙar ƙarshe ba.

Bakano_a_Texas:
Ba za ku daɗe kuna jira ba. Akwai Kansas a New York a watan Nuwamba, Darryn Peterson zai fuskanci masu tsaronku na waje. Florida kuma za ta zo Durham a farkon Disamba da Chinyelu da sauran dogayenta, a nan za a gwada maganar Mustapha.

Mustapha_Sabongari:
Ni dai na ajiye tawa: in Ngongba ya buga kakar nan lafiya, huɗun ƙarshe. In bai buga ba, sha shidan ƙarshe a dawo gida.

Ummi_Tudunwada:
Na ɗauki hoton wannan saƙon, za mu haɗu a Maris.

Dan_Zongo_Kumasi:
Wasan Kansas ɗin ƙarfe nawa ne a agogon Gana? Kuma Yaya Abba, wannan karon a bar shayin sai an tashi.